Daga Ƙofar Ruwa zuwa Nkwo Nnewi

Duk wanda ya shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano neman kayan mota, tambaya ɗaya ce ke tarbarsa tun kafin a zo maganar kuɗi: wanne kake so, na asali, ɗan Beljiyam, ko ɗan Chana? Na asali sai mai hali. Ɗan Beljiyam tsoho ne da aka kwance daga motar da ta gama yayinta a Turai, amma makanikai sun fi sakin jiki da shi. Ɗan Chana kuwa hawa-hawa ne, akwai mai ƙarko, akwai wanda ba zai kai mutum Zariya ba. Na huɗun, wato na gida, ba a cika jin an ambace shi ba, alhali ƙasar ta yi shekara 50 tana harhaɗa motoci.

Neman wannan na huɗun ne ya tayar da wani Alhaji mai shago a layin kayan ƙananan motoci, ya nufi Nnewi ta jihar Anambra tare da ɗan ƙanensa mai riƙe masa littafin ciniki. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ɗan kasuwa sai ya sayar da kwalin fulogi da safe yana murna, da yamma ya tarar uwa da riba ba za su sayo masa irin kwalin ba. Alhaji ya ga idan har akwai masu ƙera batir da fanbel da takalmin birki a cikin ƙasar nan, gara ya je ya gan su ido da ido.

Zangon farko Kaduna ne. A Kakuri, ƙetaren kogi, har yanzu ginin masana'antar Peugeot, wadda kowa ke kira Fijo, yana nan da faɗinsa. A 1975 ta fara aiki, kuma tun daga ranar farko raunin hukuma ya shiga cikin lissafinta. A wannan shekarar ce jiragen ruwa ɗaruruwa ɗauke da simintin da gwamnati ta yi oda ba tare da tsari ba suka toshe tashar Legas. Kamfanin ya rasa ta inda zai shigo da kayansa, sai ya koma ɗauko ɓangarorin mota ta jirgin sama daga birnin Lyon na Faransa zuwa filin jirgin Kano, daga nan a loda su a manyan motoci zuwa Kaduna. An yi shekaru ana haka. Kuɗin man fetur ne ya rufe asirin wannan tsada.

Ba Fijo kaɗai ba ce a lokacin. Akwai Volkswagen a Legas, Leyland a Badun, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, da ANAMMCO mai harhaɗa manyan motocin Marsandi a Inugu. Amfanin irin waɗannan masana'antu ya wuce motar da ke fitowa daga ƙofarsu. Mota guda tana da dubban ɓangarori, kuma kowane ɓangare sana'ar wani ce. Lokacin da Kakuri ke fitar da dubun-dubatar 504 a shekara, tayoyinta daga Dunlop na Legas da Michelin na Fatakwal suke zuwa, batir daga Badun, akwai masu yin kujeru da masu fenti da masu gilas. Kowannensu ya san yawan abin da za a saya a wurinsa a wata mai zuwa, ya kuma san idan kayansa ya gaza awo za a dawo masa da shi. Wannan tabbacin ne ke sa mutum ya ci bashin banki ya sayo inji.

Rushewar ba rana ɗaya ta zo ba. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya naira, tsofaffin motocin Turai suka cika ƙasa. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta koma ba manyan ma'aikata kuɗin mota a cikin albashi maimakon ta saya musu, babban mai sayen Fijo ya janye hannunsa ke nan. An sayar da hannun jarin gwamnati a 2006, bashi ya kai kamfanin hannun hukumar AMCON mai karɓar basussukan da suka gagari bankuna a 2012. Michelin ya rufe masana'antarsa a 2007, Dunlop ya bi shi a 2008, dukansu suna kukan tsadar wuta da rage harajin tayoyin waje. Ƙasar da ke da gonakin roba a Edo da Delta da Kuros Riba ta koma sayar da ɗanyen roba tana sayo taya. A kan hanyar Abuja akwai sabuwar masana'antar Fijo da Dangote da gwamnatocin Kaduna da Kano suka haɗa hannu a kanta, wadda ta fara aiki a 2022, sai dai layin masu kawo kaya na gida da ya watse bai dawo ba tukuna.

Wani ɓangare na gwanintar da ta rage yana kasuwar Panteka ta Kaduna. A can Alhaji ya tsaya gaban wani dattijo da ke narkar da tsohon kan inji na alminiyam. Yaransa sun danna yashi mai laima a cikin akwati, sun kifa tsohon ɓangaren da ake son kwaikwayo ya bar siffarsa, suka cire shi a hankali, dattijon ya tsiyaya narkakken ƙarfen da dogon ludayi. Kafin a gama gaisawa da shan ruwa an fasa yashin, ga abu ya fito, saura a kai shi injin gurza a daidaita ramukan noti.

"Baffa, wannan fa da za mu samu guda ɗari biyar iri ɗaya, da mun huta da oda," in ji ɗan ƙanen Alhaji.

Dattijon ya ji shi. "Ɗari biyar ba wuya, ɗana. Iri ɗaya ɗin ce wuya. Yau ƙarfen da 'yan gwangwan suka kawo mini daban, gobe daban. Wa zai auna mini abin da ke cikinsa?"

Gaskiya ya faɗa, kuma ba laifinsa ba ne. Ɗakin gwajin ƙarfe ba abu ne da maƙeri ɗaya zai gina wa kansa ba.

Abuja sun ratsa ta ne kawai, amma duk abin da suka gani a tafiyar yana da igiya da ke ɗaure a can. A watan Oktoban 2013 gwamnatin Jonathan ta fito da tsarin bunƙasa masana'antar motoci, ta ɗora harajin kashi 35 da ƙarin kashi 35 a kan motocin da ake shigowa da su a haɗe, domin mai son kasuwar Najeriya ya zo ya harhaɗa a nan. Kamfanoni da dama suka karɓi lasisi. An so a mayar da tsarin doka don kada kowace gwamnati ta juya shi yadda ta so, Majalisa ta amince, amma a 2019 Shugaba Buhari bai sa hannu ba. Dokar kuɗi ta 2020 kuma ta zaftare wancan ƙarin harajin zuwa kashi 5. Waɗannan biyun na ƙarshe sun faru ne a lokacin da hukumar kula da ƙirar motoci ta ƙasa ke hannun Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton da ya zana Chevrolet Volt a Amurka, wanda ya riƙe ta daga 2017 zuwa 2023. Ba rashin masu ilimi ne ya kawo matsalar ba. Ma'aikatar masana'antu na jan igiya gabas, ma'aikatar kuɗi na jan ta yamma, kuma kowace tana da hujjarta, don talaka ma yana bukatar mota mai sauƙin kuɗi. Sai dai mai sayen injin da ba zai mayar da kuɗinsa ba sai bayan shekara 10 yana zama kamar manomin da aka ce masa wani zai iya tsayar da damina ranar da ya ga dama. Irin wannan manomi ba zai zuba iri mai tsada ba. Maroko, wadda ba ta da arzikin mai, ta buɗe tashar ruwan Tanja a 2007, Renault ya kafa masana'anta kusa da ita a 2012, Peugeot ya biyo baya a Kenitra a 2019, kamfanonin wayoyin mota da kujeru suka yi ta bin su. Abin da ta fi sayar musu shi ne magana ɗaya da ba ta sauyawa.

Bayan Lakwaja hanya ta bi ta Ajaokuta. Daga kan titi ana hango dogayen bututu da manyan rumfunan masana'antar ƙarfen da aka fara da taimakon Tarayyar Sobiyet a 1979, wadda babbar tukunyar narkar da tamarta ba ta taɓa aiki ba. Duk mai son ƙera salansa ko sifirin ko ƙofar mota a Najeriya sai ya sayo farantin ƙarfe daga waje da dala. Suka ƙetare kogin Kwara ta gadar Itobe, suka bi Anyigba da Otukpa da Obollo-Afor zuwa mararrabar Nain Mayil kusa da Inugu.

A wannan tsakanin shingaye suka fi yawa. Wani na masu kaki ne, wani na masu riƙe da sanda mai ƙusoshi da rasit na ƙaramar hukuma, wani ma ba a san na wa ba ne. Ƙaramar mota takan wuce da gaisuwa da ɗan na ruwa. Tirelar da ta ɗauko kaya ita ke tsayawa a gefe ana ciniki, direba na lissafin awannin da ya ɓata. Babu ko sisi na wannan kuɗi da ke fita daga aljihun direba ko mai mota. Ana raba shi a kan kowane kwali, mai tasi a Kano ne zai biya ranar da birkinsa ya cinye.

Nnewi ba ta da kamannin birnin attajirai a idon baƙo. Jar ƙasa ce, tituna matsattsu, babura ko ta ina, mata da yawa na tuƙa nasu zuwa kasuwa. Unguwanni huɗu ne suka haɗa garin, Otolo da Uruagu da Umudim da Nnewichi, kuma Igwe Kenneth Orizu na Uku ya hau sarautarsa tun 1963. Sai an leƙa bayan dogayen katangu ake gane inda kuɗin yake. Mutanen garin sun fara ne da sufuri, Sir Louis Odumegwu Ojukwu, mahaifin jagoran Biyafara, da manyan motoci ya tara dukiyarsa, kuma mai mota dole ya san inda ake samun kayan gyara. Kashe-kashen 1966 sun koro 'yan kasuwar Ibo da yawa daga Kano da Jos da Kaduna, yaƙin basasa ya cinye abin da suka tsira da shi. Da aka ajiye makamai a 1970, sai suka ƙudura cewa jarinsu a gida zai zauna. Kasuwar Nkwo ta bunƙasa daga nan. Suka fara sayo kaya daga Japan, suka koma Taiwan suna kai samfur a kwaikwaya musu, da shigo da kaya ya yi wuya a shekarun 1980 sai wasunsu suka sayo injinan kansu tare da ƙwararrun da za su koya musu aiki. Cletus Ibeto ya bar shigo da batir ya koma ƙera shi a ƙarshen shekarun 1980. Innocent Chukwuma, wanda ya fara da kayan babur, ya buɗe masana'antar motocin Innoson a 2010.

Cikin kasuwar, abin da ya fara jan hankalin Alhaji ba yawan kayan ba ne, yadda aka tsara mutanen ne. Masu kayan mota ɓangarensu daban, masu kayan babur daban, sabo da tsoho ba a gwamutsa su. Kowane ɓangare da ƙungiyarsa da shugabanninta da masu tsaronta. Wanda ya ci bashi ya ƙi biya, gaban ƙungiya ake kai shi, kuma hukuncinta ya fi na kotu saurin aiki, domin wanda aka ce kada a yi ciniki da shi ya gama kasuwa. Da wannan ne ɗan Nnewi ke iya loda kayan miliyoyi a motar dare zuwa Sabon Garin Kano a kan kiran waya kawai. Ga kuma tsarin yaran shago, wanda su ke kira igba boi: yaro ya zauna da maigida shekaru, sau da yawa biyar zuwa bakwai, ba albashi, yana koyon sunan kowane noti da halin kowane mai saye, a ƙarshe a sallame shi da jari a gaban dangi. Maigidan da ya hana yaronsa sallama, sunansa ne zai ɓaci a gari. Kano ma ta san riƙon yaro da yaye shi, amma a nan an sa wa abin wa'adi da shaidu, kuma hakan ya sa shago ɗaya ke haifar goma.

Wata masaniya 'yar Amurka, Deborah Brautigam, ta yi nazarin masana'antun garin, ta wallafa sakamakon a 1997, inda ta nuna cewa mutanen Nnewi sun yi nasara ne saboda sun ɗauke wa kansu ayyukan da hukuma ta kasa yi. Har yau haka abin yake, kuma an fi ganinsa a bayan masana'anta fiye da gabanta.

Manajan wata masana'antar kayan roba, wanda ya tashi a Sabon Garin Kano, da Hausa garau ya tarbe su. "Alhaji, sannu da hanya. Kafin ka ga kaya, zo ka ga abin da ke cin kuɗina." Ya kai su wani ɗaki da janareto biyu ke ciki, kowanne ya kai girman bas, ga tankin dizal a gefe, ga rijiyar burtsatse da ya haƙa, ga titin ƙofar da shi da maƙwabtansa suke zuba wa tsakuwa duk damina. A zauren aiki wani saurayi ya yanko baƙar roba, ya auna ta a sikeli, ya jera a cikin ramukan ƙarfe, injin ya danne ta da zafi. Bayan wasu mintoci ya ɗaga, ga robobin da ke riƙe inji a jikin mota sun fito a jere, yana datse gefensu da wuƙa. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar wannan dannawar, duk abin da ke cikin ramukan ya zama shara, roba ba ta dahuwa rabi a sake ta. Saboda haka ko da akwai wutar gwamnati, wani lokaci janareton ake bari yana aiki don gudun yankewa. Dizal ya haura naira 1,000 a lita, wutar rukunin A, na masu samun wuta mafi yawan awanni, kuma ta koma naira 225 a kowane yunit a watan Afrilun 2024. Abokin gogayyarsa na Chana ba ya haƙa rijiya, ba ya gyaran titi, ba ya biyan masu gadi da bindiga.

"To Oga, wane kwali kake zuba su?" Alhaji ya tambaya.

Manajan ya nuna kwali mai sunan kamfaninsa da tambarin hukumar kula da ingancin kaya, SON. Ya ce dillalai da yawa kan roƙe shi ya zuba musu a kwali mai rubutun waje, don mai saye ya fi yarda da shi. A ɗaya gefen kuma akwai masu shigo da jabu su buga sunansa a kai. Wannan ita ce ɓarnar da ta fi kowace zafi a sana'ar. Inda hukuma ba ta iya raba mai kyau da jabu, mai saye zai ɗauka duka jabu ne ya biya kuɗin jabu, wanda ya kashe kuɗi ya inganta kayansa shi ne zai fara rufewa. Kuma takalmin birkin jabu ba asarar kuɗi kaɗai yake jawowa ba, a gangaren hanya da fasinjoji goma sha takwas a mota ake gane shi. Ƙungiyar kasuwa na iya tilasta wa ɗanta biyan bashi, amma ba ta da iko da kwantenar da ke sauka a tashar ruwan Apapa ko ta Onne.

Ba duk laifin ke wuyan gwamnati ba. A bayan gari akwai masana'antun da ciyawa ta rufe ƙofarsu, kuma wasunsu ba wuta ce ta kashe su ba. Mai gida ne shi kaɗai ya san lissafi, shi ke sa hannu a banki, aljihunsa da asusun kamfani ɗaya ne. Ranar da ya kwanta dama, 'ya'ya suka shiga kotu, injina suka yi tsatsa. Alhaji bai bukaci a yi masa bayani ba, ya san shaguna nawa ne rabon gado ya watsa a Ƙofar Ruwa da Kantin Kwari. Akwai waɗanda suka bi wata hanyar. Kamfanin wayoyin lantarki na Cutix, da aka kafa a garin a 1982, ya shiga kasuwar hannun jari tun 1987, abin da ya wajabta masa kafa majalisar daraktoci da buɗe littafinsa ga masu bincike duk shekara. Banki ya fi sakin kuɗi ga mai irin wannan littafi, haka ma kamfanin motar da ke neman wanda zai riƙa kawo masa kaya shekara da shekaru.

Maganar da ta fi yawo a bakin masu masana'antu ita ce ta Aba, can jihar Abiya, inda kamfanin Geometric na tsohon ministan lantarki Barth Nnaji ya kunna tasharsa mai aiki da iskar gas a watan Fabrairun 2024, bayan kusan shekara 20 ana takaddama. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Manajan ya ce ranar da aka ba shi wutar da ba ta yankewa, ko da tsada, zai ƙara layin aiki na biyu, injinsa ma yana nan a rufe da tamfol.

Ciniki ya faɗa ranar Asabar. Alhaji ya ɗauki batir da fanbel da kayan roba da yawa, takalmin birki kuwa kwali kaɗan ya karɓa, ya ce sai makanikan Kano sun gwada sun ba shi labari. Boris da fistin da ringi ba a yi maganarsu ba, waɗannan har yanzu sai dala. Za a biya rabin kuɗi yanzu, rabi bayan kwana 60, kuma yaron ya nace sai an rubuta a takarda kowa ya sa hannu, har da sharaɗin mayar da duk kwalin da aka samu da aibi. Manajan bai yi musu ba.

Lodi ne ya tsaya. Lahadi coci, Litinin kuma direbobin da za su ɗauki kayan suka ce ba sa hawa hanya, saboda zaman gidan dole da ƙungiyar IPOB mai neman kafa Biyafara ta fara kira a watan Agustan 2021, wanda gwamnatocin yankin suka yi ta kokawar kawo ƙarshensa. Aka tsayar da Talata da asuba, Alhaji ya biya kuɗin masauki na ƙarin kwanakin, yaron ya buɗe littafi ya raba su a kan kwalayen.